Kerbal Space Program: ƙera roka tare da Jeb, Bill da Bob, abokan aikin da ba su taɓa wanzuwa ba

Masu sha'awar ƙere-ƙere kan yi wata hira ta nishaɗi: da za a ba ka zaɓi, wane gwarzon labari za ka so ku zauna teburi ɗaya kuna zana inji? Amsar kusan kullum iri ɗaya ce, kowa na son wani mai kaifin basira da zai fito da dabarar da ta gagari kowa. Wasan kwamfutar nan mai suna Kerbal Space Program ya ɗauki wannan tunani ya kifa shi. Abokan aikin da ya ba ka wasu korayen halittu ne masu ƙwala-ƙwalan idanu da faffaɗan baki, ana kiransu Kerbal, kuma babu ko ɗaya cikinsu da zai ba ka shawara. Kai ne mai zane, su ne masu hawa abin da ka zana. Abin mamakin shi ne wannan haɗin gwiwar ya fi wancan na mafarki koyar da aikin injiniya, don kowane ɗayansu nauyi ne da dole ka ɗaga, kuma rai ne da dole ka dawo da shi gida.

Wani kamfani ne a birnin Meziko mai suna Squad ya ƙirƙiri wasan, bisa tunanin Felipe Falanghe. An fara sakin samfurin gwaji a 2011, cikakken wasan ya fito a watan Afrilun 2015, kamfanin Take-Two ya saye shi a 2017, babban gyaran ƙarshe mai lamba 1.12 kuma ya zo a 2021. Yana aiki a Windows da Mac da Linux, akwai kuma na PlayStation da Xbox. Hukumar NASA ta haɗa hannu da masu wasan a 2014 aka saka aikin kamo dutsen sararin samaniya, hukumar sararin samaniyar Turai ita ma ta yi nata a 2020, aka shigo da kayan rokar Ariane 5. Wannan sharhi a kan na kwamfuta ne, samfurin 1.12.

Duniyar da ake tashi daga cikinta sunanta Kerbin. Daga cibiyarta zuwa doronta kilomita 600 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na duniyarmu, amma ƙarfin da take jan abu da shi daidai yake da namu, mita 9.81 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Iskarta ta ƙare ƙat a tsayin kilomita 70. Wanda ya haura wannan iyaka yana gudun kimanin mita 2,300 a daƙiƙa a gicciye, ya shiga falaki, zai yi ta kewayawa ba tare da ƙona ɗigon mai ba. A duniyarmu sai an kai kusan mita 7,800. Wannan ƙanƙantawa da gangan aka yi ta, kuma daidai ce: tashi daga ƙasa zuwa falaki 'yan mintoci ne, saboda haka mutum zai iya gwada zane goma a zama ɗaya. Kerbin na da wata biyu, Mun da Minmus, sannan ga sauran duniyoyi, Moho da Eve da Duna da Dres da Jool da Eeloo.

Ma'aikatan farko huɗu ne, dukkansu kuma sunan gidansu Kerman. Jebediah, wanda kowa ke kira Jeb, matuƙi ne. Valentina, wadda aka ƙara a 2015 aka kuma raɗa mata sunan Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya, ita ma matuƙiya ce. Bill injiniya ne, Bob masanin kimiyya. A kusurwar allo ana ganin fuskokinsu yayin tafiya: roka na wutsil-wutsil Jeb na washe baki, Bill da Bob kuwa ido ya raina fata. Kowane Kerbal na da ma'aunin jarumta da na wauta, amma kada wannan ya ruɗe ka, fuska kaɗai suke canzawa, ba sa taɓa tuƙi. Abin da ke da tasiri shi ne sana'a. Matuƙi ne kaɗai ke iya riƙe jirgi ya tsaya cak a fuskar da aka sa shi idan ka danna maɓallin T. Da ya samu tauraro ɗaya zai iya juya jirgi da kansa ya fuskanci gaba ko baya, da tauraro uku kuma ya bi alamar shirin da ka ɗora a taswira. Masanin kimiyya shi ke iya sake ɗana na'urorin gwajin da sau ɗaya suke aiki, irin tulun Mystery Goo da akwatin Science Jr. Injiniya shi ke naɗe laimar sauka bayan an buɗe ta, ya gyara tayar da ta fashe ko ƙafar da ta karye. Taurarin kuwa da tafiya ake samunsu: maki 2 na tauraron farko, sai 8, 16, 32, har 64 na biyar, kewaya Kerbin sau ɗaya kuma ya isa ya ba da na farkon.

A nan ne wasan ya fi burgewa, kuma nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Kwanson farko da ake ba ka, wato ɗakin da ma'aikata ke zama a kan roka, Mk1, kujera ɗaya gare shi, nauyinsa tan 0.84. Wa za ka ɗauka? In ka ɗauki Jeb, jirgi zai tsaya daram amma gwajin kimiyya sau ɗaya za ka yi ka dawo. In ka ɗauki Bob, za ka yi gwaji a wurare biyar da na'ura ɗaya, sai dai babu mai riƙe maka jirgi, da hannunka za ka yi ta kokawa da shi har ƙasa. In ka ce kowa ya zo, sai ka koma babban kwanso mai kujera uku, Mk1-3, wanda ya kai tan 2.72. Ga abin da wannan ke jawowa. Ɗauki gaɓar sama mai sauƙi, wato ɓangaren roka na can sama mai nasa inji da mai: ƙaramin kwanso, laima mai tan 0.1, zoben rabuwa, wanda ke raba sassan roka, mai tan 0.04, tankin FL-T400 mai tan 2.25 a cike wanda tan 2 nasa mai ne, da injin Terrier mai rabin tan. Jimilla tan 3.73 a cike, 1.73 in mai ya ƙare. Wannan zai ba ka canjin gudu na kimanin mita 2,600 a daƙiƙa. Sauya kwanson kawai da mai kujera uku, kada ka taɓa komai, sai adadin ya faɗo zuwa kimanin 1,490, kuma wannan kafin a ƙara laima mafi girma da mahaɗin da faɗinsa ke buƙata. Abokai biyu sun cinye maka fiye da mita 1,100. Mafitar da masana wasan ke bi ita ce a ɗauki Bob shi kaɗai a manna wa jirgin ƙaramar ƙwaƙwalwar tuƙi ta OKTO mai tan 0.1, wadda ke riƙe jirgi kamar sabon matuƙi. Abin da take cinyewa daga canjin gudun mita 100 ne kacal. Wato an bar Jeb a gida an maye gurbinsa da akwati, irin shawarar da hukumomin gaske ma ke yankewa, kuma wasan bai taɓa gaya maka ka yi haka ba, lissafi ne ya tura ka.

Wannan canjin gudu, wanda allon ke rubutawa delta-v, shi ne guzurin tafiya, kuma duk zanen roka a kansa yake. Ƙa'idar ta masanin kimiyyar Rasha Konstantin Tsiolkovsky ce, wadda ya wallafa a 1903: a ɗauki ma'aunin tattalin man injin, a ninka da 9.81, a ninka da logaridim na nauyin jirgi a cike bisa nauyinsa ba mai. Tun samfurin 1.6 wasan ke yi maka wannan lissafi a gefen kowace gaɓa, kafin nan sai da takarda ko da ƙarin manhaja. Abin da sabon shiga ke gaza ganewa shi ne cewa ƙarin tanki ba ya ninka guzuri. A misalin nan na sama, tanki ɗaya ya ba da 2,600. Na biyu ya kai shi kimanin 3,740, ribar 1,140 ke nan. Na uku ya kai shi 4,420, ribar 680 kawai. Dalili shi ne man da ka ƙara shi ma sai an ƙona mai kafin a ɗaga shi, tankin da ya ƙare kuma yana nan rataye kamar jan gawa. Tankunan roka na yau da kullum a wasan nauyinsu a cike ninki tara ne na nauyinsu ba komai, saboda haka ko tanki dubu ka jera wa Terrier ba zai taɓa wuce kimanin 7,400 ba. Dalilin yin roka gaɓa-gaɓa ke nan, ana yar da wadda ta ƙare.

Injuna kuma kowane da muhallinsa. Terrier a sararin da ba iska yana tunkuɗa da kilonutan 60 (ma'aunin ƙarfin tunkuɗa), tattalin mansa 345. A doron Kerbin kuwa ƙarfinsa bai kai 15 ba, tattalin ya faɗi zuwa 85. Waccan gaɓa mai tan 3.73 in ka ajiye ta a dandalin tashi ka kunna, ƙarfinta kashi 40 cikin ɗari ne na nauyinta, za ta yi ta huci a wuri ɗaya har mai ya ƙare. Sanadin kuskuren nan sau da yawa shi ne allon lissafi yana kan ma'aunin sarari maimakon na doron ƙasa, ko akasin haka. A duba wannan maɓalli kafin a yarda da kowace lamba. Injunan gaɓar ƙasa biyu ne a farkon wasa. Reliant na ba da kimanin kilonutan 205 a ƙasa, nauyinsa tan 1.25, amma bakinsa ba ya karkata, don haka ba ya taimakawa wajen tuƙi. Swivel na ba da kimanin 168, nauyinsa tan 1.5, bakinsa na karkata da digiri 3. Saka zoben rabuwa da tankunan FL-T800 biyu a ƙarƙashin gaɓarmu: da Swivel jimillar nauyi tan 14.27, ƙarfi bisa nauyi 1.2, tashi a hankali amma a miƙe. Da Reliant ya kai kusan 1.5, ya fi zafi, sai dai dole ka ƙara fikafikai masu motsi. Ga mai koyo Swivel ya fi. Rokar gaba ɗaya na da guzurin da ya kusa 4,900, shiga falaki kuma na cin kimanin 3,400.

Tashin kansa ba miƙewa sama ba ne, kuma wannan ne darasin da mutane da yawa ke cewa a wasan suka fara gane shi. Falaki gudu ne a gicciye, ba tsayi ba. Danna T, danna Z don buɗe mai gaba ɗaya, danna dogon maɓallin tazara. Idan gudu ya kai tsakanin mita 50 da 100, karkata gabas da digiri biyar zuwa goma. Gabas ake yi saboda juyawar Kerbin na ba da kyautar kimanin mita 175 a daƙiƙa, dandalin tashi kuma kusan a kan layin tsakiyarta yake. Daga nan kada ka yi gardama da roka, bar hancinta ya bi alamar gaba da ke kan ƙwallon alƙibla, ta yadda a kilomita 10 za ka kasance kusan a digiri 45. Buɗe taswira da M, ka lura da ƙololuwar hanyarka. Da ta kai kilomita 80, kashe inji da X. Sai ka jira har ka kusa ƙololuwar, ka fuskanci gaba, ka sake kunnawa har gindin hanyar ya fito sama da kilomita 70. Idan ƙunar za ta ɗauki daƙiƙa 40, fara ta saura 20 a isa, don rabi ya faɗo kafin ƙololuwa rabi bayanta. Wanda ya bar gindin a kilomita 68 yana ganin ya gama, iska za ta yi ta lasar gudunsa a kowane zagaye har ta dawo da shi.

Abubuwan da ke lalacewa kuwa suna da yawa, kuma abin yabo shi ne kusan kowannensu na da dalilin da za a iya ganowa. Na farko, wanda kusan ba wanda ya tsira daga gare shi, shi ne jerin gaɓoɓi. Wasan na jera su da kansa gwargwadon yadda ka haɗa kaya, sau da yawa kuma sai ya saka laima da inji a gaɓa ɗaya, ko zoben rabuwa kafin injin da ke ƙarƙashinsa. Ka danna tashi, laima ta buɗe a dandali. Magani shi ne karanta jerin daga ƙasa zuwa sama kafin kowane tashi. Na biyu shi ne kifewa tsakanin kilomita 5 da 15, inda matsin iska ya fi tsanani. Roka kamar kibiya take, nauyi a gaba, gashi a baya. In ka ɗora kaya mai faɗi marar nauyi a kai, turjiyar iska ta fi yawa a gaban cibiyar nauyi, da hanci ya kauce wa alamar gaba da 'yan digiri sai iska ta kama shi ta juya rokar baki ɗaya. Yadda tankuna ke ƙarewa ma na matsar da cibiyar nauyi a tsakiyar tafiya, don haka rokar da ta tashi lafiya kan iya kifewa bayan minti ɗaya. Fikafikai uku ko huɗu a can gindi, murfi mai tsini a kan kayan, da rage karkata da ƙarfi, su ke magance shi. A ɗakin haɗawa akwai maɓallan da ke nuna cibiyar nauyi da ta ɗagawar iska. A duba su tanki a cike, a zuƙe man a sake dubawa.

Na uku shi ne lanƙwasa. Mahaɗan sassa a wasan na da laushi fiye da kima, doguwar roka siririya sai ta riƙa rausaya kamar tsumagiya. Abin da ke ƙara dagula shi shi ne na'urar riƙe jirgi: tana auna karkata daga kwanso a can sama, ta umarci inji a can ƙasa ya gyara, gyaran ya makara, sai rausayar ta ƙaru har rokar ta tsinke. A da sai dai a yi ta ɗaura tokare, daga samfurin 1.2 kuma aka kawo tokaren ɓoye da ake kunnawa daga saitin kowane sashe, amma sai an fara buɗe saitin ƙwararru a babban jeri, abin da wasan ba ya nuna wa kowa. Rage iyakar karkatar bakin inji zuwa rabi ma na taimakawa ƙwarai. Akwai kuma nau'i na huɗu wanda ba laifinka ba ne, inda lissafin wasan da kansa ke rikicewa jirgi ya tarwatse haka kawai, musamman manyan tashoshi masu sassa da suka shige cikin juna. 'Yan wasa sun raɗa wa wannan suna Kraken. Ya ragu sosai a samfuran baya, bai dai mutu ba. F5 na adana inda kake, F9 na dawo da kai. A saba da su.

Zuwa Mun shi ne jarrabawar gaske. Kasafin da aka saba da shi ga shi: 3,400 zuwa falaki, 860 don miƙa hanya ta kai Mun, kimanin 310 don tsayawa a falakinsa, 580 sauka, 580 tashi, 310 komawa. Ya haura 6,000 kaɗan, mai hankali kuma zai zana na 7,000, don ba wanda ke sauka yadda takarda ta ce. Rokarmu ta 4,900 za ta iya zuwa ta gifta Mun ta dawo, ba za ta iya sauka ba. Mun ba shi da iska, laima ba ta da amfani, inji ne birki. Jansa mita 1.63 ne, don haka Terrier ɗin da ya kasa motsi a Kerbin a nan ƙarfinsa ya kusa ninki goma na nauyin jirgin. Kurakurai uku ke kashe masu sauka: barin ma'aunin gudu a kan na falaki maimakon na doron ƙasa, dogaro da ma'aunin tsayi da ke ƙirga daga matakin teku alhali tudu na gabanka, da dogon jirgi mai ƙunƙuntar ƙafafu da ke tuntsurewa a gangare. A taɓa ƙasa da gudun da bai wuce mita biyar ba, a kuma zana jirgin gajere mai faɗi. Wajen dawowa a saita gindin hanya a kimanin kilomita 30 cikin iskar Kerbin. Za a shigo da gudun da ya haura mita 3,000, don haka a saka garkuwar zafi, a yar da inji, a juya gindin kwanso gaba, kada kuma a buɗe laima sai gudu ya sauko kusan mita 250, in ba haka ba ta yage.

Ga wata shawara da ba a cika bai wa sabon shiga ba: Minmus ya fi Mun sauƙi. Ya fi nisa, hanyarsa kuma ta karkace da digiri 6, amma jansa bai kai rabin mita ba, sauka na cin kimanin 180 kawai, ga kuma shimfiɗaɗɗun filaye sumul. Har Kerbal ɗin da mai ya ƙare masa zai iya tashi daga can ya shiga falaki da jakar tunkuɗa da yake goye da ita a baya, wadda ke da guzurin kusan mita 600.

Bill ya daɗe yana zaman ɗan rakiya, sai samfurin 1.11 na ƙarshen 2020 ya ba shi aikin da ya dace da sunansa. Yanzu injiniya na iya fita daga jirgi ya cire sashe ya manna wani, a falaki ko a doron wata duniya. Ka manta da faifan hasken rana ko eriya, ba sai ka sake harba jirgin gaba ɗaya ba, aika Bill da kayan a akwati. Iyakar abin da zai ɗaga da nauyi ake auna ta, saboda haka abin da ya gagare shi a Kerbin zai ɗauke shi a Minmus, sauran Kerbal da ke tsaye kusa kuma na ƙara masa hannu. A haƙar ma'adinan da ake sarrafawa su zama mai, bambancin ya fi fitowa fili: na'urar haƙa ba injiniya tana aiki da kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinta, da sabon injiniya kashi 25, da mai tauraro biyar kashi 125. Tashar mai da ba Bill a ciki za ta cika tanki, amma sai ka tsufa kana jira. A nan kam kujerarsa ta biya kuɗinta.

Inda wasan ya yi sassauci dole a faɗa, don kada wani ya tashi daga kansa yana jin ya zama injiniyan roka. Jirgi a kowane lokaci jan duniya ɗaya kaɗai yake ji. Da ya tsallaka wata iyaka sai a miƙa shi ga ta gaba. Saboda haka babu wuraren daidaiton nan na Lagrange inda ake ajiye na'urori irin madubin hangen nesa na James Webb, falaki kuma ba ya gurɓacewa da kansa. Injuna na kunnuwa sau dubu ba gardama, ana rage musu wuta har kusan sifili, alhali injin gaske ƙidayayyun kunnawa gare shi kuma sai an kwantar da mai a gindin tanki tukuna. Mai ba ya ƙafewa ko da shekara goma. Faifan juyi da ke cikin kwanso, wanda ke juya jirgi ba tare da inji ba, na da ƙarfin da ya wuce hankali, ba ya kuma cika ya buƙaci saukewa kamar na gaske. Mafi girma duka, Kerbal ba ya ci ba ya sha ba ya shaƙar iska. Ka bar Jeb a Mun shekara ashirin, za ka tarar da shi yana murmushi. Wannan ya rage wa haɗin gwiwar nauyi, don babban ciwon kan tafiya da ɗan Adam shi ne abincinsa da iskarsa. Masu son gaskiya tsantsa na da ƙarin manhajojin da 'yan wasa suka rubuta kyauta: Principia na kawo jan duniyoyi da yawa a lokaci ɗaya, Real Solar System na maye Kerbin da duniyarmu, Realism Overhaul na gyara injuna da mai, CKAN kuma na kula da saka su ba tare da sun yi karo ba. Da waɗannan shiga falaki na komawa sama da mita 9,000, Terrier da tankinsa kuma su zama abin dariya.

Raunin da ya fi damun mai wannan sharhi shi ne halayen ma'aikatan ba su da zurfi. Ba sa magana da harshen da za ka fahimta, ba sa tuna abin da ya faru jiya, Bill ba zai taɓa duban zanenka ya ce wannan tokaren bai isa ba. Akwai rahoton injiniya a ɗakin haɗawa da ke gargaɗi in ka manta laima ko ka toshe ƙofa, amma jerin dubawa ne kawai, ba ya ganin kifewa ko ƙarancin guzuri. Gene na ɗakin umarni da Wernher von Kerman na koyarwa da Mortimer na kuɗi hotuna ne masu 'yan kalmomi. Duk labarin da ke tsakaninka da su kai kake ƙaga shi. Duk da haka yana aiki: mutane na kwana uku suna zana jirgin ceto don ɗauko Kerbal ɗaya da ya maƙale, alhali ɗaukar sabo a ofis ya fi arha, kuma a irin wannan ceto ne ake koyon haɗuwar jirage biyu a falaki, inda ƙara gudu ke sa ka koma baya, rage shi kuma ya sa ka cim ma na gabanka.

Salon wasa uku ne. Sandbox na ba da komai kyauta, wanda ga mai koyo rikici ne, ɗaruruwan sassa ba jagora. Career na da kuɗi da kwangila da iyakoki: a farko sassa 30 kawai, nauyi tan 18, ba ka iya ɗora shiri a taswira sai ka ɗaukaka ɗakin umarni da tashar bin sawu. Iyakokin nan malamai ne na ƙwarai, amma kwangilolin kan gundura, irin su gwada wani zobe a wani tsayi da wani gudu da ba su da ma'ana. Science ne ya fi dacewa da farawa, sassa na buɗewa kaɗan-kaɗan ba kuma fargabar talaucewa. Wajen kwamfuta kuwa, ƙwaƙwalwar lissafi ta fi katin hoto muhimmanci, don kowane sashe ana lissafa motsinsa daban. Jirgi mai sassa ɗari ba matsala, mai ɗaruruwa da yawa zai sa ko babbar na'ura ta riƙa ɗingishi.

Ƙarin fakiti biyu ake sayarwa daban. Making History na 2018 ya kawo sassa masu kama da na Apollo da na Tarayyar Sobiyet da wurin tsara aikinka, ana iya rayuwa ba shi. Breaking Ground na 2019 ya fi amfani ga mai son ƙira, yana da gwiwoyi masu lanƙwasa da fistin da injin juyi, da na'urorin da ake girkawa a doron ƙasa, waɗanda wutarsu ke ƙaruwa in injiniya ne ya girka, sakamakonsu kuma ya ƙaru in masanin kimiyya ne. A kula wajen saye: akwai Kerbal Space Program 2 da aka saki a matsayin wanda ba a kammala ba a watan Fabrairun 2023, aka rufe kamfanin da ke gina shi a 2024, har yanzu kuma bai cika alkawuran da aka yi a kansa ba. Na farkon ake nema, samfurin 1.12, a kwamfuta, tunda ƙarin manhajojin nan ba sa hawa na PlayStation da Xbox.